Fashin baƙi: Abin da ya sa hawan tudun rairayi ke karya ƙarfin mai ƙarfi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin babban tudun rairayi da sassafe ya san wannan yaudarar. Ka ɗaga kai ka ga ƙololuwa tana nan kurkusa, ka ce a ranka minti goma sha biyar sun wadatar. Ba dutse, ba ƙaya, ba rami, laushi ne kawai tun daga ƙasa har sama. Bayan rabin awa kana tsakiyar hanya, cinyoyi sun yi nauyi, kana haki, ƙololuwar kuma tana nan inda ka gan ta da farko. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yawancin wahalar da maziyarta ke sha a irin waɗannan wurare, har da wadda ke kaiwa ga asarar rai, daga kuskure guda take tasowa: mutum ya zo wa tudun rairayi da lissafin da ya saba yi wa tudun ƙasa ko na dutse. Shi kuwa wannan tudu iska ce ta gina shi, kuma har gobe ba ta gama ba.

A fara da ƙwayar rairayin kanta. Wadda ake samu a tuddan hamada yawanci ba ta kai rabin milimita ba, amma duk da ƙanƙantarta ta fi ƙarfin iska ta riƙe ta a sama kamar yadda take riƙe ƙura. Abin da take yi shi ne tsalle. Iska ta ɗaga ta kaɗan, ta faɗo ta bugi 'yan'uwanta, su ma su tashi su faɗa gaba, waɗanda suka fi nauyi kuma a riƙa tura su suna jan ciki a ƙasa. Shi ya sa idan iska ta taso kana kan tudu za ka ji kamar ana tsira maka allurai a ƙwauri, alhali fuskarka ba ta ji komai ba, don yawancin rairayin da ke tafiya bai cika wuce gwiwa ba. Wanda ya fara bin diddigin wannan da awo shi ne Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Ingila da ya yi shekaru yana ratsa hamadar Libiya da mota. Da ya koma gida sai ya haɗa wani dogon bututu yana hura iska a kan rairayi yana auna tafiyarsa, ya fitar da sakamakon a littafi a 1941. Har yau masana na komawa gare shi, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma ta sa wa wasu tuddan rairayi na duniyar Mars sunansa.

Daga wannan tsalle-tsalle ne tudu ke samun fuska biyu, kuma nan ne zuciyar maganar ga mai hawa. Ɓangaren da ke fuskantar iska kwantacce ne, karkatarsa ba ta cika wuce digiri 10 zuwa 15 ba, kuma rairayinsa a daddaɓe yake, domin kullum ƙwayoyi na dukansa suna cusa juna. Idan rairayin ya hau ya tsallake doron tudun, sai ya faɗa inda iska ba ta kaiwa, ya taru sako-sako. Yana taruwa har gangarar ta kai kimanin digiri 30 zuwa 34, daga nan sai ta zabtare ta koma yadda take. Busasshen rairayi ba ya iya tsayawa a karkatar da ta fi haka, ko a wace hamada kake a duniya. Wannan fuska ta biyu kullum a bakin zubewa take, jira kawai take a taɓa ta. Wanda ya nufo ta gaba da gaba don ya ga ta fi kusa da ƙololuwa, kowane taku ya yi sai ta mayar da shi baya da rabinsa ko fiye, ƙafa na nutsewa har idon sawu, rairayi na zubo masa daga sama.

Hanyar masu sani ita ce doro, wato siririn layin nan da fuskokin biyu suka haɗu. A bi shi daga inda ya sauko ƙasa, a riƙa ɗora ƙafa ɗan gefe kaɗan ta wajen da iska ke bugowa, inda ya fi tauri. Idan akwai wanda ya riga ka, sa ƙafarka cikin sawunsa, ya riga ya danne maka wurin. Taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, kada a dogara da yatsu kamar mai hawan matakala, don yatsu huda rairayi suke yi. Na taɓa bin bayan wani dattijon jagora a kan irin wannan doro, na lura ko sau ɗaya bai ɗaga ƙafarsa sama sosai ba, kuma bai taɓa sauya saurinsa ba. Bayan kowane taku kamar talatin sai ya tsaya, ya juya baya ya dubi inda muka fito, ya ja numfashi uku ko huɗu, ya ci gaba. Samarin da suka wuce mu da gudu a ƙasa, a zaune muka same su ba su kai rabi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Gajiyar tana da lissafi. Wani bincike da masana a Beljiyam suka buga a 1998 ya nuna cewa tafiya a kan busasshen rairayi tana cin ƙarfin jiki ninki 2.1 zuwa 2.7 na abin da take ci a ƙasa mai tauri. Wannan fa a shimfiɗaɗɗen wuri ne, ba a sa hawa a ciki ba. Dalili kuwa, ƙasa mai tauri tana mayar maka da ƙarfin da ka danna mata, shi kuwa rairayi shanye shi yake yi, ƙarfin ya tafi wajen ture ƙwayoyi gefe. Kilomita biyu a cikin tuddai sun kai biyar a kan hanya, kuma da haka ya kamata a auna ruwa da lokaci.

Siffar tudu ma magana take yi ga wanda ya iya karatunta. Inda iska ke zuwa daga gefe guda kuma rairayin ba shi da yawa, tudun kan fito kamar jinjirin wata, ƙahonninsa biyu na nuna inda iskar ta dosa. Irin wannan shi ne mai tafiya, ƙananansa na iya matsawa mita goma-goma a shekara har su rufe hanya. Inda iska ke zuwa daga ɓangarori biyu bisa yanayin shekara, sai a sami dogayen layuka masu kaifi da ke miƙewa kilomita da yawa, Larabawa na kiransu da sunan takobi. Inda kuwa take zuwa ta ko'ina, rairayin ba ya samun inda zai gudu sai sama, sai tudun ya zama kamar tauraro mai hannuwa uku ko fiye. Mafi yawan manyan tuddan da mutane ke tafiya takanas don hawa irin wannan ne. A 2024 wasu masana daga jami'o'in Biritaniya suka fitar da bincike kan ɗaya daga cikinsu, Lala Lallia, da ke yankin tuddan Erg Chebbi a kudu maso gabashin Maroko. Tsayinsa mita 100, faɗinsa kusan mita 700. Suka gano gindinsa ya kai shekara 13,000, amma mafi yawan abin da ido ke gani a yau cikin shekara 900 da suka wuce ya taru, kuma yana matsawa yamma da kimanin rabin mita a shekara. Abin da ka ɗauka tsayayye ne, ashe tafiya yake da kai a kansa.

Game da tsawo, alƙaluman da ake yawan ji su ne: mafi tsayi a Erg Chebbi sun kai kusan mita 150, Star Dune da ke jihar Kolorado a Amurka kimanin mita 226, Big Daddy da ke Sossusvlei a Namibiya kimanin mita 325, wato kamar bene mai hawa ɗari, a hamadar Badain Jaran ta ƙasar Sin kuwa akwai mai mita 460, ga tafkuna fiye da ɗari a tsakanin tuddan, abin da ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2024. Kada a riƙe waɗannan lambobi da ƙarfi sosai. Iska na ƙarawa tana ragewa, kuma masu awo kan saɓa kan inda gindin tudu ya fara. Wani abin lura, hamada ba duka ce rairayi ba. A Sahara, abin da tuddai suka rufe bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saura tsakuwa ce da duwatsu da fako.

Yanzu sai babban lamarin, wato zafi. Rairayi ba ya wuce da zafi zuwa ƙasa da sauri, don haka duk abin da rana ta zuba a 'yan santimitocin sama yake tsayawa. Tura hannunka ciki kamar tsawon taƙi guda za ka ji sanyi, amma fatar saman tana iya ƙona ƙafa. Hukumar da ke kula da tuddan Kolorado tana gargaɗin cewa da rana a lokacin zafi saman rairayin na kaiwa digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, ko da iskar wurin ba ta yi tsanani ba. A hamadar Lut ta Iran tauraron ɗan Adam ya auna digiri 70.7 a doron ƙasa a 2005. Akwai wani tarko da na ga ya kama mutane fiye da sau ɗaya. Da asuba rairayi na da sanyi mai daɗi, takalmi kuma na cika da shi yana nauyi, sai mutum ya cire ya ajiye a gindin tudu ya hau ƙafa ba takalmi. Ya zauna a sama yana kallo har hantsi ya dubi ludayi. Lokacin saukowa sai ya tarar da tanda tsakaninsa da takalminsa. Na ga wata mata tana sauka taku biyar-biyar, tana jefa mayafinta ƙasa ta tsaya a kai, ta ɗauka ta sake jefawa, hawaye na zuba. In za ka cire takalmi, rataye shi a wuya ka tafi da shi. Ya zama rufaffe ne, da safa, ba silifa ba. A kuma tuna yara sun fi kusa da ƙasa, zafin da ke tasowa daga gare ta ya fi dukansu.

Saboda haka lokacin hawa biyu ne kacal: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Na safe ya fi, domin sanyin dare da ɗan danshin raɓa sun sa rairayin ya ɗan kama jikinsa, kuma in wani abu ya faru kana da hasken yini a gabanka. A Sossusvlei da fitowar rana ake buɗe ƙofar shiga wurin da ke Sesriem, motoci su kama hanya zuwa tudun Dune 45, wanda ya sami sunansa daga nisan kilomita 45 da ke tsakaninsa da ƙofar. Masu sammakon nan suna neman hoto mai kyau, gaskiya ne, amma suna kuma tsere wa rana.

Ruwa kuma yana da tasa yaudarar. Iskar hamada busasshiya ce, gumi na bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya zaci ba ya zufa, alhali mai hawa cikin zafi na iya rasa lita guda ko fiye a awa ɗaya. Lita huɗu ga mutum guda a yini ita ce shawarar da masu kula da irin waɗannan wurare suka saba bayarwa, kuma wannan mafi ƙaranci ne. A riƙa kurɓa a kai a kai tun ƙishirwa ba ta zo ba, a haɗa da ɗan abin ci mai gishiri, domin gumi da gishiri yake fita, kuma ɗura ruwa zalla da yawa ba tare da shi ba yana da nasa haɗarin. Ƙa'idar da ba na yarda a yi ciniki a kanta ita ce: ruwa ya kai rabi, a juya, ko da saura taku hamsin a kai ƙololuwa.

A watan Agustan 2015 wasu ma'aurata daga Faransa da ɗansu mai shekara tara suka shiga wata hanyar ƙafa a White Sands da ke jihar New Mexico a Amurka, da tsakar rana, zafi ya kai kusan digiri 38. Ƙananan gorunan ruwa biyu ne a hannunsu su uku. Ba su yi wani nisa ba. Uwa da uba duka suka rasu, yaron ya rayu, kuma jami'an da suka bincika sun ce iyayen sun riƙa ba shi kaso mafi yawa na ruwan. Rairayin wurin fari ne fat, na ma'adinin da ake yin filasta da shi, ba ya ƙona ƙafa kamar sauran, wataƙila ma shi ya sa yake sa mutum sakin jiki. Duk lokacin da na tuna wannan labari abin da ke tsaya mini a rai shi ne kusancin motarsu. Ba sai an shiga tsakiyar hamada take kisa ba.

Ya kamata kowa a cikin tawaga ya san alamomin. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗawar jijiyoyin ƙafa, kasala mai yawa: jiki ne ke cewa a tsaya. A zaunar da mutum, a yi masa inuwa da mayafi ko laima, a share rairayin sama mai zafi kafin ya zauna, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice, ko yana tangaɗi, ko ya suma, to zafi ya kai ga ƙwaƙwalwa, jikinsa na iya haura digiri 40. Nan ba a jira. A jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Ɓata hanya shi ne haɗari na uku, kuma ya fi zuwa wa masu ƙarfin zuciya. Daga kan doro kana ganin komai, har motarka can kamar ƙwaro. Da ka gangara cikin kwari tsakanin tuddai biyu, duniya ta rufe, ko'ina ka juya abu ɗaya ne. Mutane kan ce ai za su bi sawunsu su koma, amma iska mai ɗan ƙarfi na share sawu cikin mintuna. A 1994, a gasar gudun Marathon des Sables da ake yi a Maroko, guguwar rairayi ta rufe wani ɗan sandan Italiya mai suna Mauro Prosperi, ƙwararren ɗan wasa. Da ta lafa tuddan sun sauya kama, alamun hanya sun ɓace. Ya yi kwana tara yana gararamba kafin ya ci karo da makiyaya a cikin Aljeriya, kusan kilomita 290 daga inda ya kamata ya bi. Darasin da dattijon jagoran nan ya koya mini ba da baki ba shi ne yawan waiwayen da yake yi: yana haddace yadda hanya za ta kasance idan an juyo. A zaɓi wani abu da ba ya motsi, dutse mai nisa ko tsauni, a san inda yake da inda rana take. Waya na iya nuna inda kake ko ba sabis muddin ka sauke taswira tun daga gida, sai dai zafi na kashe ta, don haka a ɓoye ta cikin jaka. A gaya wa wani inda za a je da lokacin dawowa. In mota ta lalace a zauna kusa da ita, ta fi mutum sauƙin hangowa. Wurin da ba ka sani ba kuma, ɗauki jagora ɗan yankin, matambayi ba ya ɓata.

Sauran abubuwan a taƙaice. In hadari ya haɗo a sauka daga doro da sauri, domin kai ne abu mafi tsawo a wurin kuma tsawa na faɗawa tuddai. Kada a kwana a busasshen rafi, ruwan da aka yi can nesa kan iso ba sallama. Kada a bar yara su haƙa rami mai zurfi ko kogo a jikin tudu, busasshen rairayi mai faɗin mita guda ta kowane gefe ya haura tan ɗaya da rabi, in ya rufta ba a iya numfashi a ƙarƙashinsa. Dare kuma na yin sanyi sosai, a tafi da abin rufa.

To me ya sa duk da wannan ake zuwa? Wanda ya isa doro kafin rana ta fito ba zai yi wannan tambaya ba. Hasken farko na raba tudu biyu daidai kan layin nan, gefe guda ja wur, ɗayan baƙi ƙirin. Jan launin tuddan hamadar Namib ta Namibiya tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe kowace ƙwaya, rairayin kuwa tafiyayye ne: kogin Orange ya kwaso shi daga tsakiyar kudancin Afirka ya zuba a tekun Atlantika, igiyar ruwa ta kai shi arewa, iska ta dawo da shi tudu. A gindin Big Daddy akwai farin fako da ake kira Deadvlei, inda itatuwan ƙaya dangin bagaruwa suka mutu a tsaye shekara 600 zuwa 700 da suka wuce, bayan tuddai sun tare musu ruwa. Bushewar wurin ba ta bar su sun ruɓe ba, suna nan baƙaƙe.

Ka sunkuya ka dubi ƙasa da safe, za ka ga wurin da ka zaci kufai ne cike yake da rubutun dare: ɗinkin sawun ƙwaro, layin jelar ƙadangare, karkatattun zanen macijin da ke tafiya a kaikaice. A Namib akwai ƙwaron da ke hawa doro cikin hazon asuba ya kifa kai ƙasa, danshi ya taru a bayansa ya gangaro masa baki. Akwai ƙadangaren da ke ɗaga ƙafafunsa bi da bi kada su ƙone. A Sahara akwai tururuwa mai launin azurfa da ke fitowa da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori masu cin ta, ta yi kiwon kamar minti goma ta koma. Saboda su nake jin zafi in na ga an tattake 'yar ciyawar da ke gindin tudu, ko an bi ta kanta da mota. Sawun ƙafa a kan tsiraren rairayi iska za ta share shi kafin gobe. Ciyawar nan kuwa shekaru ta yi kafin ta kafu, gida ce ga halittu da yawa, kuma sawun taya a filayen tsakuwa na hamada kan yi shekaru gommai bai ɓace ba. Gorar roba ma da aka binne, iska za ta tono ta.

Fuskar nan mai zubewa da na ce a guje mata wajen hawa, ita ce hanyar sauka. A miƙe jiki, a ɗan jingina baya, a riƙa soka dunduniya, rairayi ya tafi da kai a hankali. Hawan awa guda kan zama saukar minti biyar. A wasu tuddai ƙalilan, in rairayin ya bushe ƙayau kuma ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, zubewar na fitar da wani gurnani mai kauri kamar jirgin sama na wucewa can nesa, girgiza sau 70 zuwa 105 a daƙiƙa, ana jin sa har a ƙirji. Marco Polo ya ba da labarin irin wannan sauti tun ƙarni na 13, matafiya na danganta shi da aljanu. Akwai shi a Mingsha Shan kusa da Dunhuang a Sin, wanda sunansa ma ke nufin tudun rairayi mai waƙa, da Kelso a Kalifoniya, da Khongoryn Els a Mongoliya. Wasu masana na cewa ƙwayoyin da ke gangarowa ne ke daidaita motsinsu su girgiza tare kamar fatar ganga, wasu kuma na cewa busasshen rairayin sama da ke kan mai danshi na ƙasa ne ke riƙe sautin ya ƙara masa ƙarfi. In kana son ji, ku zauna ku uku ko huɗu a jere a bakin gangarar, ku turo rairayi da ƙafa lokaci guda, ku yi shiru. Yakan fara ne a ƙarƙashinku, ku ji shi a cinya tun bai kai kunne ba, kuma yana ci gaba na ɗan lokaci bayan kun tsaya.